Numbeo a Ajin Lissafi: Amfaninsa da Iyakarsa Wajen Kwatanta Tsadar Rayuwa

Numbeo shafi ne na intanet da ke tattara farashin kayan masarufi, kuɗin haya, kuɗin sufuri da albashi daga biranen duniya, ya jera su ta yadda mutum zai iya ajiye birni kusa da birni ya ga bambancin da ke tsakaninsu. Wani injiniyan manhaja ɗan ƙasar Sabiya mai suna Mladen Adamović, wanda ya taɓa aiki a kamfanin Google, shi ne ya kafa shi a 2009, kuma mafi yawan alƙaluman da ke ciki jama'a ne ke shigar da su da kansu, sai kuma wasu da ma'aikatan shafin ke ɗebowa daga shafukan manyan kantuna da na hukumomi. An gina shi ne domin mai shirin ƙaura, ko tafiya karatu, ko karɓar aiki a wata ƙasa. Ni kuwa na auna shi ne da idon malamin lissafi a babbar sakandare, wanda ke neman abin da zai sa darussan kaso cikin ɗari, gwadabe tsakanin adadi biyu, canjin kuɗi da matsakaici su daina zama baƙi a idon ɗalibai. Hukuncina a taƙaice shi ne, shafin ya cancanci shiga aji, amma malamin da ya sakar wa ɗalibai shi ba tare da ya haɗa musu da farashin kasuwarsu ba zai koya musu lissafi mai kyau a kan rayuwar da ba tasu ba.

Shiga shafin kyauta ne, ba ya buƙatar rajista kafin a duba alƙaluma, kuma yana buɗewa a wayar hannu ba tare da wahala ba, domin yawancin abin da ke cikinsa rubutu ne da lambobi, sai tallace-tallace da ke gefe. Da Ingilishi yake, yana kuma da fassara zuwa wasu harsunan Turai, ciki har da Faransanci, wanda zai amfani ɗaliban Maraɗi, Damagaram da Yamai. Babu Hausa. Idan aka rubuta sunan birni, sai jeri ya fito: farashin cin abinci a gidan abinci mai sauƙin kuɗi, litar madara, burodi mai nauyin giram 500, kilon shinkafa, ƙwai 12, kilon naman shanu, tumatir, albasa, litar fetur, hayar gida mai ɗakin kwana ɗaya ko uku a tsakiyar birni da wajensa, har zuwa matsakaicin albashin wata bayan an cire haraji. A gefen kowane farashi akwai mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da aka saba shigarwa, a ƙasa kuma akwai adadin mutanen da suka ba da alƙaluman birnin da lokacin da aka sabunta su. Ana iya sauya kuɗin da ake nuna farashi da shi, daga naira zuwa dala, yuro, fam ko riyal. Wannan tsari mai sauƙi shi ne babban abin yabon shafin, domin ɗalibi ba ya ɓata lokaci wajen neman inda lambobi suke.

Ma'aunin tsadar rayuwa na Numbeo ya ɗauki birnin New York a matsayin 100, sauran birane kuma ana gwada su da shi. Birnin da ya samu 40 yana nufin kayan da aka saya da dala 100 a New York za a same su da dala 40 a can, ban da kuɗin haya, wanda ke da nasa ma'aunin daban. A nan ne darasi na farko yake, kuma yana daga cikin wuraren da ɗalibai suka fi tuntuɓe a jarrabawar WAEC da NECO. Birnin da ke kan 40 ya fi New York araha da kashi 60 cikin ɗari, amma New York ba ta fi shi tsada da kashi 60 ba, ta fi shi da kashi 150, domin a karo na biyu ana raba bambancin ne da 40, ba da 100 ba. Shafin yana rubuta irin waɗannan jimloli idan aka kwatanta birane biyu, kuma da zarar an juya biranen, sai kason ya canza a gaban idon ɗalibi. Na sha bayyana wannan ƙa'ida a allo da lambobin da na ƙirƙira, amma ban ga ta zauna a kan yara ba kamar lokacin da suka ga Legas da Landan sun ba da kaso biyu mabambanta, suka fara musu a tsakaninsu cewa shafin ya yi kuskure, har wata ɗaliba ta fito ta raba lambobin da hannunta ta nuna musu cewa duka biyun daidai ne.

Inda na fi ganin amfanin shafin shi ne wajen mayar da farashi zuwa awannin aiki, wato tambayar awa nawa ma'aikaci zai yi kafin ya sayi abu kaza. Wannan hanya ta fi canjin kuɗi gaskiya, domin kowace ƙasa ana lissafa ta da kuɗinta, sannan a kwatanta lokaci da lokaci. Don yin haka na fi son ɗalibai su ɗauki farashi daga Numbeo, albashi kuwa su ɗauko shi daga doka, wato mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta ƙayyade, saboda dalilin da zan zo kansa. A Najeriya mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a wata a watan Yulin 2024. A Jamhuriyar Nijar ya koma sefa 42,000 daga farkon 2024. A Amurka na gwamnatin tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, ko da yake jihohi da dama sun ɗaga nasu sama da haka, a Jamus kuwa yuro 12.82 ne a awa a 2025, a Birtaniya kuma fam 12.21 daga Afrilun 2025 ga wanda ya kai shekara 21. Tun daga nan aiki ya samu, domin wasu ƙasashe suna ƙayyade albashi a wata, wasu a awa, dole ɗalibi ya daidaita su. Idan aka ɗauki awa 40 a mako, aka ninka da mako 52, aka raba da wata 12, za a samu kimanin awa 173 a wata. Da wannan lissafi ma'aikacin Najeriya yana samun kimanin naira 404 a awa, na Nijar kuma kimanin sefa 242.

Daga nan sai a ɗora farashi. A ce, domin misali kawai, kilon shinkafa naira 2,000 ne a wani birnin Najeriya, dala 4 kuma a wani birnin Amurka. Wanda ya yi canji kai tsaye zai ce shinkafar Amurka ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ta fuskar kuɗi bai yi ƙarya ba. Amma mai karɓar naira 404 a awa sai ya yi aikin kusan awa 5 kafin ya sayi kilon, shi kuwa mai dala 7.25 minti 33 ya ishe shi. Ɗalibin da ya fitar da wannan amsa da biro da takarda ya fahimci abin da masana tattalin arziki ke kira ƙarfin saye, ko da bai taɓa jin sunan ba. Nijar da Jamus sun fi daɗin kwatantawa, domin sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, saboda haka ba a shiga rigimar wane canji za a ɗauka. Sefa 42,000 yuro 64 ne da 'yan ɗoriya, albashin Jamus kuwa na wata a 2025 ya haura yuro 2,200 kafin a cire haraji, wato ninki kusan 35. Tambayar da nake jefa wa aji ita ce, waɗanne kaya ne a jerin Numbeo farashinsu a Berlin ya ninka na Yamai sau 35? Sai su bi jerin layi bayan layi, su gano cewa kayan abinci ba su ko kusanci haka ba, su kuma gano cewa haya da haraji ne ke cinye kaso mai tsoka na albashin Bature. Wannan bincike yana gyara kuskure iri biyu da suka zama ruwan dare a hirar matasanmu: na mai ninka albashin waje da canjin naira ya ɗauka wanda ya tafi ya gama da talauci, da na mai cewa ai can ma komai tsada ne, don haka duk ɗaya ne. Lissafi ya nuna ba ɗaya ba ne, ya kuma nuna bambancin bai kai yadda canji ke nunawa ba.

Canjin naira kansa darasi ne da shafin ke buɗe ƙofarsa, ko da yake ba ya bayyana shi. Albashin ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, ƙarin kashi 133 cikin ɗari ke nan. Amma kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a Yunin 2023, dala ɗaya a hukumance tana kusan naira 460, wato naira 30,000 ta kai dala 65. Idan aka ɗauki naira 1,500 kan dala, wanda ya yi kusa da inda canjin ya kai a 2024, naira 70,000 ba ta wuce dala 47 ba. Albashi ya ninka fiye da biyu a naira, ya ragu da kimanin kashi 28 a dala, duk a lokaci guda. Ya kamata malami ya ja hankalin ɗalibai cewa duk farashin Najeriya da shafin ya nuna da dala ya dogara ne da canjin da aka yi amfani da shi, musamman da yake a farkon 2023 'yan canji a Wapa ta Kano suna sayar da dala sama da naira 700 alhali farashin banki bai kai 500 ba. Haka kuma shafin yana tara alƙaluman watanni da dama kafin ya fitar da matsakaici, wanda ba matsala ba ne a ƙasar da farashi ke tafiya a hankali, amma a ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayar, farashin wata takwas baya ya riga ya zama tarihi.

Babban aibin shafin a wurina yana cikin jerin kayan da ya zaɓa. Akwai kofin kafucino, akwai cuku, akwai latas, akwai giya da kwalbar ruwan inabi, akwai kuɗin wata na gidan motsa jiki da hayar filin wasan tanis na awa ɗaya, akwai wandon Levi's da takalmin Nike da motar Volkswagen Golf. Babu gero, babu dawa, babu masara, babu wake, babu manja ko man gyaɗa, babu gawayi ko itacen girki. Akwai farashin abincin McDonald's ko makamancinsa, alhali kamfanin ba shi da reshe a Najeriya ko Nijar. Layin wuta da ruwa yana magana ne a kan gida mai faɗin murabba'in mita 85, ya haɗa lantarki, ɗumama ɗaki, sanyaya shi, ruwa da kwashe shara, bai san da man janareto ba, bai san da kurar mai ruwa da ke tsayawa a ƙofar gida kowace safiya ba. Jerin kamar riga ce da aka ɗinka da awon wani, za ta shiga jikin Bakano ko Bakatsine, amma ba za ta zauna masa ba. Abin da ma'aunin ke faɗa shi ne nawa mutum zai kashe idan yana son ya yi rayuwa irin ta mazaunin New York a birnin da ake magana, wanda tambaya ce mai ma'ana ga ma'aikacin ofishin jakadanci, amma ba ita ce tambayar magidancin da ke auno hatsi a Dawanau ba.

Ko nauyin da ake ba kowane rukuni na kaya ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A tsohon kwandon da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ke auna hauhawar farashi da shi, abinci ya ɗauki sama da rabi, a sabon da aka fara aiki da shi a farkon 2025 kuma ya koma kimanin kashi 40, alhali a Amurka abinci bai kai kashi 15 na kwandonsu ba. Ma'auni ɗaya da aka shimfiɗa a kan duniya duka ba zai iya ɗaukar wannan ba. Haka rabon da shafin ya yi tsakanin tsakiyar birni da wajensa, wanda ya ginu a kan tunanin cewa tsakiya ce ta fi tsada. A Kano cikin gari, wato unguwannin cikin badala, ba nan ne haya ta fi tsada ba, Nasarawa GRA da makamantanta ne, don haka mutum biyu masu shigar da alƙaluma za su iya fahimtar layin ta hanya biyu. Ƙari a kan haka, shafin yana nuna haya a wata, mu kuwa a shekara muke biya, wani lokaci ma shekara biyu a dunƙule, ga kuɗin dillali.

Matsakaicin albashin da shafin ke nunawa shi ne layin da na fi gargaɗin ɗalibai a kansa. Wanda ke shiga Numbeo ya rubuta albashinsa mutum ne mai jin Ingilishi, mai data a waya, mai albashin wata da za a iya rubutawa. Binciken Hukumar Ƙididdiga kan ma'aikata ya nuna sama da kashi 90 na masu aiki a Najeriya suna sashen da ba na hukuma ba ne: manomi, ɗan tebur, direban adaidaita sahu, mai ɗinki, mai ƙosai. Waɗannan ba sa cikin lissafin. Saboda haka ma'aunin ƙarfin saye da shafin ke fitarwa daga wannan albashi yana magana ne a kan wani rukuni ƙarami na mazauna birni. Manyan birane irin su Landan da Berlin suna da masu ba da alƙaluma da yawa, Legas da Abuja suna da daidai gwargwado, amma da an gangaro zuwa biranen Arewa sai adadin ya ragu ƙwarai, wasu layukan ma su fito babu komai. Idan masu shigarwa kaɗan ne, mutum ɗaya mai albashin kamfanin mai zai iya jan matsakaicin sama, kuma a nan malami zai samu damar nuna bambancin matsakaici da adadin tsakiya, wato lambar da ke tsakiya idan aka jera lambobi daga ƙarami zuwa babba, ba tare da ya ƙirƙiri misali ba. Shafin yana da matatar da ke zubar da alƙaluman da suka fita daga hankali, amma tsarin da kowa ke iya rubutu a cikinsa yana da rauni; a 2017 wani mutum a Suwidin ya nuna haka lokacin da ya yi ta shigar da amsoshi a sashen laifuka na shafin har ya mayar da birnin Lund na ƙasarsu mafi haɗari a jerin.

Maganin da na samu shi ne mayar da wannan giɓi aikin gida. Na raba aji gida-gida, kowane rukuni ya je kasuwar unguwarsu ya tambayo farashin shinkafa, gero, wake, ƙwai, man gyaɗa da kuɗin adaidaita zuwa makaranta. Da suka dawo sai matsalar awo ta taso, domin shafin da kilo yake magana, mai hatsi kuwa da kwano da tiya da mudu. Muka aro sikeli daga ɗakin gwaje-gwaje, wani yaro ya zo da kwanon awon gidansu, aka cika shi da shinkafa har ya yi toliya kamar yadda ake yi a kasuwa, aka auna, aka share toliyar da gefen hannu aka sake aunawa, sannan aka zuba gero a kwanon aka ga nauyin ya canza. Daga nan kowa ya fitar da farashin kilo ɗaya daga farashin kwano, aka ajiye shi kusa da na Numbeo. Wasu sun zo kusa, wasu sun yi nisa, kuma bayanin dalilin nisan, ko shinkafar gida ce aka gwada da 'yar waje, ko farashin babban kanti ne aka gwada da na kasuwa, ya fi lissafin kansa koyar da su. A ƙarshe kowane rukuni ya haɗa kwandon gidan mutum shida da nauyin da suka ga ya dace da kowane kaya, suka fitar da nasu ma'aunin.

Akwai wasu hanyoyin kwatantawa da malami zai iya haɗawa da shi. Ma'aunin Big Mac da mujallar The Economist ke fitarwa tun 1986 ya fi sauƙin fahimta, tunda abu ɗaya ake kwatantawa, wato farashin burodi mai nama da McDonald's ke sayarwa da wannan suna, amma ƙasashenmu ba sa ciki. Shirin kwatanta farashi na duniya da Bankin Duniya ke jagoranta, wanda zagayensa na 2021 ya ƙunshi ƙasashe 176, ya fi Numbeo inganci nesa, domin hukumomin ƙididdiga ne ke tattara alƙaluman, kuma a kansa aka gina layin talauci na dala 3 a rana da aka sanar a 2025. Sai dai jadawalinsa ya yi wa ɗan sakandare nauyi, kuma ba ya nuna farashin ƙwai ko burodi ɗaya bayan ɗaya yadda yaro zai taɓa lambar da hannunsa. Ta wannan fuska babu wanda na gani ya kai Numbeo.

Ina ba malaman lissafi da na tattalin arziki a babbar sakandare da kwalejojin ilimi shawarar su yi amfani da shi, musamman wajen kaso cikin ɗari, canjin kuɗi da awannin aiki. Inda babu data ko ɗakin kwamfuta, ya isa malami ya kwafe jerin birane uku ko huɗu a takarda, ya rubuta ranar da ya kwafa a sama, tunda lambobin suna canzawa. A zaɓi biranen da ke da masu ba da alƙaluma da yawa, a sa ɗalibai su karanta wannan adadi kafin su karanta kowane farashi, a ɗauko albashi daga doka, a kuma bar layukan giya, tanis da kafucino a gefe. Jidda ko Riyad sun dace da darasin farko, domin riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, kuma da wuya a rasa ɗalibin da ke da ɗan'uwa da ya yi aikin hajji ko yake zaune a can, wanda za a iya tambayarsa ko farashin da shafin ya nuna ya yi daidai da abin da ya biya. Wanda kuma ke shirin tafiya karatu ko aiki waje zai amfana da shafin wajen ƙiyasin haya da abinci a manyan biranen Turai da Amurka, inda alƙaluman suka fi yawa, amma kada ya yanke shawarar sayar da gona ko gida a kan layin albashin da ya gani a ciki.